Littafin da Ya Samu Aiki a Ofishin Oga

Jama'a, jiya na ƙone ɗan man da nake ta lallaɓawa a babur, kuma ba wanda ya aike ni sai bakina.

'Yata Na'ima ce za ta miƙa aikin kammala karatunta ranar Litinin, malaminta kuwa ya ce ba zai sa hannu ba sai ta karanto wani littafi kan tarihin masaƙun Kaduna. Ni kuma, sarkin iyayi, na ce ta kwantar da hankalinta, ai manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, sun zuba sunayen littattafan laburare kaf a intanet. Na ɗora tabarau, na yi ta latsa waya da yatsa ɗaya har data ta kusa ƙarewa. Sai ga littafin, har da hoton bangonsa, an rubuta yana kan kanta. Maƙwabcina Iliya ya ce, "Malam, littafin ka gani ko hotonsa?" Na ce masa matsalarsa ba ya yaba ci gaba.

Daga Badarawa ban tsaya ba sai laburaren. Ga kwamfutoci sababbi fil, kantoci kuwa rabi wayam, littafin kuma babu shi. Ma'aikaciyar wurin, Malama Larai, ta ce, "Baba, ai kwamfuta ba ta san an fita da shi ba." Ashe da aka gyara ofishin wani Ranka-ya-daɗe, an ga kantar bayan kujerarsa ba komai, ga 'yan talabijin suna yawan zuwa. Sai aka turo mota ta kwashe duk littafin da ke da bango mai kauri. Na ce to me ya hana a rubuta an ara? Ta ce, "Aro ai mai karantawa ke yi."

Raina ya ɓaci, amma kunyar haɗa ido da Iliya ta fi damuna. Da yamma muka kunna labarai, sai ga mutumin yana bayanin yadda ya kai ilimi kowane gida. Ni da ban taɓa sauraronsa ba, na matso har hancina na gogar gilashi. Na'ima ta nuna da yatsa. "Baba, ga shi can, bayan kunnensa na hagu."

Ranka ya daɗe, mu su wa da za mu raba ka da kayan adonka? Amma Litinin ta matso. In ba za a ara wa yarinyar ba, a taimaka a sa wani ya juya shi, don a kife yake.