Jif Ta Tafi da Amarya, Laka Ta Riƙe Wandona

Ba zan taɓa mantawa da ranar da motar da nake tuƙawa ta kama hanya ta bar ni a baya ba. Ba sace ta aka yi ba, ba kuma birki ne ya tsinke ba. Ni na sauka da ƙafafuna, da hankalina (in har abin da ke cikin kaina a lokacin ya isa a kira shi hankali), ita kuwa ta ci gaba da aikinta, ɗauke da amaryar yayana.

Abin ya faru ne ba da daɗewa ba bayan an koma tuƙi ta hannun dama. Lokacin ina saurayi mai ji da kansa a Gwandu, ina tuƙa wa Kawu Dikko wata tsohuwar jif da ya saya a gwanjo. Kawu fataucin fata da ƙirgi yake yi, ƙauyukan da muke shiga kuwa ba su san kwalta ba sai a labari. Da rani rairayi ya riƙe mu, da damina laka ta riƙe mu. Na tura motar nan har na san bayanta fiye da gabanta.

Jif irin wannan, ban da sandar giya da kowa ya sani, tana da wata 'yar ƙaramar sanda mai jan kai kusa da gwiwar direba. Mu direbobi ogzilari muke ce mata. In ka ja ta baya gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru, ƙafafu huɗu duk su kama aiki. To, tamu ogzilarin ta tsufa, haƙoranta sun cinye, tana cikin ja sai ta zame. Da Kawu ya gaji sai ya kai ta Birnin Kebbi wurin Labbo makaniki, mutumin da ya iya aiki ƙwarai, kuma bai taɓa bari wani ya riga shi faɗin haka ba.

Labbo ya kwance akwatin ogzilari, ya dubi haƙoran, ya yi tsaki. Sai ya jawo wasu daga ƙarƙashin benci, waɗanda ya ciro daga wata babbar motar masu haƙa rijiyoyi da ta mutu a wurinsa.

"Dikko, wanga ba gyara za ni yi ma ba, sabon hali za ni ba ta," in ji shi. "In an sa ogzilari, ita da gudu sun rabu. Amma in kac ce ta hau bisa kuka, sai dai ta tambaye ka wane reshe."

Ranar da ya gama ya kai mu wani fili bayan gareji. Ya sa giya ta ɗaya, ya ja ogzilari, ya ɗan ja totur na hannu, mai ba injin mai ko ba a taka da ƙafa ba, ya saki kuloci. Motar ta fara tafiya a hankali, tafiyar dattijo mai zuwa masallaci da sauran lokaci. Kawai sai Labbo ya buɗe ƙofa ya sauko. Ya jera da ita, ya ɓare goro ya jefa a baki, mota na tafiya ba kowa a ciki. Da ya ga dama ya koma ya zauna ya tsayar da ita.

"Duk ƙasag ga ni kaɗai ka yin wanga," ya ce, yana share hannu.

Da ya san wanda ke sauraro da bai faɗa ba.

Gaskiya motar nan ta zama abin so. Kwazazzabon da a da nake sauke kaya kafin in tunkare shi, yanzu sai ta sa kai ta hau, ba hayaniya, ba watsa ƙasa, ba ƙaurin kuloci. Ƙafa ɗaya ta taka, ta tabbatar, sannan ɗaya ta biyo. Na sha tsayawa a kan tudu in shafa bonet ɗinta in ce mata sannu (ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau). Ita ta koya mini cewa a daji mai gaggawa shi ke kwana a hanya. Darasin dai bai gama shiga ba, kamar yadda za ku gani.

A ƙarshen daminar shekarar aka sa bikin Yaya Haliru da Kulu, 'yar wani ƙauye da ke gaba da Dangoma, a ƙasar Kalgo. Tsakanin ƙauyen da hanyar mota akwai fadama, ruwa bai gama janyewa ba. Dattawa suka ce a kawo amarya bisa doki har bakin hanya. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce matar yayana ba za ta hau doki ba alhali akwai jif a gida. Kawu ya yarda. Yaya Haliru, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya kira ni gefe ya ce, "Amanata na ba ka. Ka kawo min ita lahiya."

Kowa ya san al'ada: amarya tun daga ɗakin uwarta a lulluɓe take, ba ta buɗe fuska, ba ta cewa uffan, sai an kai ta ɗakinta abokan ango sun sayi baki. Mai tsaron wannan doka a ranar ita ce Gwaggo Tumba, ƙanwar uban Kulu, tsohuwa mai muryar da ake ji daga gona zuwa gona. Ta ce warin fetur na tayar mata da zuciya, dole ta zauna bakin taga. Haka aka sa amarya a kujerar tsakiya, kusa da ni. Ƙawayenta suka cika baya tare da ƙorai da tasoshi da tabarmi. Sabuwar babbar rigata na cire na ninke a bayan kujera don kada ta yi datti, na zauna daga ni sai singileti da wando.

Da hantsi muka iso fadama. Hanyar sawun amalanken shanu ce, ƙasanta tauri duk da ruwan da ya rufe ta. Can kusa da ƙarshe tana karyawa hagu ta hau tudu, domin in ka miƙe sai tafki, mai zurfin da shanu ke iyo a cikinsa. A kan tudun akwai masussuka da wata babbar tsamiya, a nan abokan ango suka jingine kekuna suna jiranmu, har da mai kalangu.

Na sa ogzilari. Jif ta shiga ruwa ta soma takunta na natsuwa. 'Yan matan baya suka fara "Ikon Allah!" suna leƙen ƙafafun mota. Na dubi tudu na ga jama'a, na dubi madubi na ga 'yan mata, sai muryar Labbo ta dawo mini: ni kaɗai ka yin wanga. Na ja totur na hannu.

"Bari in diba zurhin lakag ga," na ce wa Gwaggo, na buɗe ƙofa na sauka.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, 'yan takun farko sun yi daɗi. Na goya hannuwa a baya, ina tafiya gefen mota ina gyaɗa kai. Guɗa ta tashi daga baya. Daga tudu na ji wani yana cewa, "Ku dibi! Ta san hanya da kanta!" Don a ƙara ganina da kyau sai na ɗan matsa gefe, na bar sawun amalanke.

Ƙafar dama ce ta fara nutsewa. Na dogara da ta hagu don in zaro ta, ita ma ta bi. Kafin in ce wani abu laka ta kai mini cinya. Mota kuwa ba ruwanta. An ce mata ta tafi a hankali, tana tafiya a hankali, ƙofar direba a buɗe tana lilo. Na miƙa hannu, yatsuna suka shafi ƙarfen baya, ya wuce.

A nan wasa ya ƙare. Na dubi gaba na ga tafki, na ga inda hanya ta karya, na tuna ba kowa a sitiyari. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba kaina nake ji wa ba. Na dinga ihu, "Ku kashe makulli! Makulli!" amma salatin 'yan mata da ƙarar tasoshi sun danne ni. Muryar Gwaggo kaɗai ke fitowa sarai:

"La'ilaha illallahu! Mun halaka! Ke Kulu, kak ki buɗe huska! Kak ki ce komi! In mun mutu mun mutu, amma ba a sayi baki ba!"

Na tattara ƙarfina na yunƙura. Na ji wani abu ya ce ɗas a ƙuguna, tazuge ne ya tsinke. Na fito, wando da takalma suka zauna. Ban ko waiwaya ba, na bi mota da rarrafe da gudu da faɗuwa. Tana tafiyar da ko tsohuwa za ta kamo ta, amma ta riga ta yi mini nisa, laka kuma tana karɓar harajinta a kowane taku. Ina kallo hancinta ya kusa bakin tafki.

Sai na ga ƙafafun gaba sun karkata hagu.

Daga baya 'yan matan suka ba ni labarin abin da ban gani ba. Hannu ne mai jan lalle ya fito daga ƙarƙashin mayafi ya kama sitiyari, ɗayan ya biyo shi. Ashe tun daga ƙofar gidansu Kulu ke kallon hannuna ta 'yar kafar mayafinta. Ba ta buɗe fuska ba, ba ta ce uffan ba. Ta murza sitiyari, jif ta bi kwanar, ta kama tudu ta hau shi da wannan natsuwar tata, ko tasa ɗaya ba ta faɗo ba. Har gobe in na tuna hawan nan ban san wadda na fi jinjina wa ba, motar ko matar.

Abin da Kulu ba ta gani ba shi ne yadda ake tsayar da mota, don tun da muka taso ban tsaya ba. Saboda haka ta yi abin da mai hankali zai yi. Ta riƙe sitiyari a karkace, jif ta shiga zagaya tsamiya. Abokan ango suka janye kekunansu suna tafi, sun ɗauka shiri ne. Mai kalangu ya gyara rataya ya sa kiɗa daidai da takun mota.

Cikin wannan shagali na iso.

Dole in yi bayanin abin da ya rage a jikina. A zamanin, yadin buhun fulawa ba abin yarwa ba ne, ana wanke shi a ɗinka ɗan kamfai. Nawa sabo ne, wanki bai ci tambarin ba. A daidai mazaunaina akwai zanen raƙumi, ja wur, yana tsaye a kan tudu. Lakar da ta shafe ni tun daga gemu har ƙafa, wurin nan kaɗai ta ga dama ta bari.

Kalangu ya yi shiru. Ni kuma ba damar in ɓuya, dole in shiga da'irar in bi mota ta baya, a gaban idon 'yan matan da na sauka dominsu. Na kai hannu ƙofa, santsin laka ya zame ni, na sake zagayowa. A zagaye na gaba wani daga cikin abokan Yaya ya kasa daurewa ya ce, "Jama'a, mota gaba, raƙumi baya!" Shi ke nan, masussuka ta ɗauka da dariya. Har mai kalangu ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Da ƙyar na faɗa kujera, na taka kuloci, na kashe makulli. Hannuwan nan masu lalle suka saki sitiyari suka koma cikin mayafi kamar ba su taɓa fitowa ba. Na saci kallonta, na ga kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take yi, sai na gane dariya ce take haɗiyewa don kada ta karya doka. Gwaggo Tumba ta jawo babbar rigata ta wurgo mini a fuska.

"Suturta kanka, ɗan nema! Kai anka aiko ɗaukar amarya, ko amarya anka aiko ta ɗauko ka?"

Labari ya riga mu isa Gwandu a kan keke. Na shirya wa mari, na shirya wa zagi. Yaya Haliru ya dube ni daga sama har ƙasa, laka ta bushe a ƙafafuna, ya ce a hankali, "Amanad da na ba ka, ita tak kawo ka gida." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da aka zo sayen baki ina raɓe a bakin ƙofa, bayan kowa. Abokan ango suka yi ciniki da ƙawaye, aka ja, aka daidaita. Ɗaki ya yi tsit, kowa na jiran kalmar farko ta amarya a gidan mijinta, wadda yawanci gaisuwa ce a ciki-ciki. Kulu ta ɗan ɗaga mayafi, ta nemo ni da ido har ta same ni, ta ce da murya sarai:

"A taimaka a sai ma direba tazuge."

Yau jikokinta ma Baba Mai Raƙumi suke kirana, ina kuma amsawa, don kakarsu ta biya kuɗin sunan a bakin tafki. Na yi shekaru ina tuƙa jif ɗin nan, ba ta taɓa ba ni kunya a laka ko rairayi ba, ni ma ban ƙara sauka na bar ta tana tafiya ba. Abin da na koya ke nan: mota mai haƙuri tana iya kai amarya ba direba, amma direba ba ya isa ko'ina ba wando. In kuwa burga ta zama dole, to, a fara duba tazuge.