Makirfon Sallau Injiniya

Wani mutum ne a layin masu gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari ta Kano, sunansa Sallau. Amma in ka kira shi Sallau kawai, ko waiwayowa ba zai yi ba. Sai ka ce Injiniya.

Shagonsa bai fi akurkin kaji ba. Matattun rediyo har rufi, lasifiku masu yagaggen ciki, ga wayoyi a cukurkuɗe kamar taliya. Amma baki? Tabɗi! In Sallau ya fara zuba, janareton maƙwabta ma sai ya ji kunya.

Abin da ya fi cika baki a kai shi ne tsofaffin makirfo. Cewa yake ko a buhu aka ƙulle makirfo, in ya sunsuna sau ɗaya zai faɗa maka ƙasar da aka ƙera shi, da shekarar, har da ko maƙerin yana fama da mura a ranar.

Maƙwabcinsa Nomau mai gyaran fanka yakan ce, "Injiniya, shekaranjiya fa tocila ka ɗaga ka ce makirfon Jamus ne."

"Gwada ku nake yi, in ga ko akwai mai hankali a layin nan."

Ran nan sai ga wani ɗan gwangwan ya turo baro, ƙarafa na ta ƙaran-ƙaran. Can ƙasa Sallau ya hango wani abu, tsawonsa kamar kwalbar lemo, kansa duk raga, ga nauyi kamar taɓarya. Ya dai gane makirfo ne, iyakar saninsa ke nan. Aka ɗora a sikeli, ya saye shi a kuɗin ƙarfe.

To, Sallau ya taɓa jin wasu samari masu situdiyo suna hira cewa akwai wani tsohon makirfo da ake kira mai ribon, wanda mawaƙa ke nema ido rufe. Mene ne ribon ɗin? Oho. Bai sani ba, bai kuma tambaya ba, don Injiniya ba ya tambaya. Ya samu toka da lemon tsami ya goge abin nan har ya yi ƙyal-ƙyal, ya shimfiɗa masa ƙyallen karan-miski, ya baza labari cewa mai ribon na asali ya sauka a shagonsa.

Ranar Asabar da hantsi sai ga wata mata ta yi sallama. Sunanta Ladidi, tana da situdiyon ɗaukar waƙa a Zoo Road. Tare da ita akwai wani tsoho siriri mai farin gilashi, yana dogara sanda.

"Kai ne Injiniya? An ce kana da mai ribon."

Sallau ya gyara zaman hula. "Hajiya, kin zo gidan. Ba a Kano ba, ko a Ikko babu na biyunsa. Wani Bature ya zo takanas daga Landan, ya durƙusa a nan inda kike tsaye, yana kuka da hawaye. Na ce masa a'a, kayan tarihi ba ya tsallake ruwa."

Nomau ya yi tari daga shagonsa. Sallau ya harare shi.

Tsohon ya ce a hankali, "Malam, ina ribon ɗin yake?"

Gaban Sallau ya faɗi, dam! Amma bakinsa bai tsaya jiran kansa ba.

"Ribon? Ai Baba, wani jan ƙyalle ne da Turawa ke ɗaura masa a wuya ranar da aka gama ƙera shi. Na wannan a jirgin ruwa ya kwance, iska ta tafi da shi. Amma ga gurbinsa nan, duba."

Ladidi ta rufe baki da mayafi. Ta ce, "Wannan baffana ne, Baffa Tsalha. Shekara talatin da biyar ya yi a ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyo kafin ya yi ritaya."

"Ma sha Allah," in ji Sallau, gumi na tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. "Ashe abokin aiki ne. Ƙila ma ɗalibaina ne suka koya masa."

Baffa Tsalha ya miƙa wa Ladidi sandarsa, ya ɗauki makirfon da hannu biyu kamar mai karɓar jariri. Ya zaro makulli daga aljihu ya matso da shi kusa da ragar. Ƙas! Makulli ya manne.

"Maganaɗisun yana nan da ransa," ya ce.

Sai ya fita bakin ƙofa, ya ɗaga makirfon saitin rana, ya kanne ido ɗaya. Ya daɗe yana leƙe. Da ya juyo, sai ya yafito Ladidi.

"Ladidi, zo ki gani. Kin ga wani siririn abu a tsakiya, mai lanƙwasa-lanƙwasa, yana sheƙi? Shi ne ribon. Alminiyam ne, ya fi ɓawon albasa rashin kauri. Murya ce ke kaɗa shi. Rabona da in ga wanda nasa bai tsinke ba, tun kina goye. Wannan na gaske ne."

Sallau ya ji kamar an ɗaga shi sama an ajiye. Na gaske? Shi da ya ɗauka ƙarya yake shararawa! Nan take ƙirjinsa ya kumbura.

"Ai na faɗa muku! Nomau, kana ji ko? Fito ka ji da kunnenka!"

Nomau ya fito. Mai sayar da batir ya fito. Masu wucewa suka tsaya. Kafin ka ce me, bakin shago ya cika.

Ladidi ta faɗi abin da za ta biya. Kuɗin sabon babur ne, har da canjin man wata guda. A zuci Sallau har ya hau, ya ba shi wuta, yana danna wa Nomau hon. Amma sai wani tunani ya zo masa. In daga leƙe kawai an ba da babur, in aka ji ƙarar abin fa? Ai sai mota. Ban da haka, ga jama'a sun taru, kuma duk tsohon nan suke kallo, ba shi ba.

"Hajiya, dakata. Ba a cinikin irin wannan sai an ji muryarsa. Baba ya yi nasa irin na da. Bari ku ga yadda ƙwararru ke gwaji."

Ya karɓe makirfon daga hannun tsoho, ya laluba wata waya ya jona shi da amfilifaya, ya murɗe ƙara har ƙarshe. Ya ce, "Jama'a, salamu alaikum."

Wayyo daɗi! Muryar Sallau ta fito daga lasifika a dunƙule, mai taushi, kamar ta mai karanta labaran duniya. Jama'a suka ce, "Kai!" Shi kansa Sallau sai da ya waiga ya ga ko wani ne ya yi maganar.

Daɗi ya kwashe shi. Ya kafa baki a jikin raga, ya ja numfashi har cikinsa ya taso, irin na mai sanarwa a gidan biki.

Baffa Tsalha ya ɗaga hannu. "Kai! Kada ka hu..."

"FUUU! FUUU! Ana ji? FUUUU!"

Lasifika ta ce ɓuf! Ta ce ƙirrr. Ta yi tsit.

Sallau ya ce, "Ana ji?" Babu. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ƙwas-ƙwas. Babu. Ya buga a tafin hannu, ya girgiza a kunne.

"Wuta aka ɗauke," ya ce.

Nomau ya nuna sama. Fanka na ta juyawa a kan Sallau, har tana kaɗa masa gefen riga.

Baffa Tsalha ya karɓi makirfon, ya sake ɗaga shi saitin rana, ya miƙo wa Sallau. "Leƙa."

Sallau ya leƙa. Siririn abin nan mai sheƙi ya rabe biyu, kowane ɓari yana reto.

"A... ai ana liƙewa, Baba. Ina da gam mai kyau."

Layi ya ɗauke da dariya. Mai batir har da zama a ƙasa yana riƙe ciki. Ladidi ta rataya jakarta, ta miƙa wa baffanta sandarsa.

Sallau ya biyo su har bakin titi. "Hajiya, to kawo rabi! Kawo kuɗin keke! Baba, ka sa baki mana, ai mu abokan aiki ne!"

Tsohon ya tsaya, ya dube shi ta saman gilashi.

"Malam, abin nan ya fi shekara sittin yana sauraron mutane. Ya ji mawaƙa, ya ji masu wa'azi, ya ji 'yan siyasa, duk ya jure. An jefar da shi a bola, ya jure. Bakinka kawai ya hau kansa, ko minti ɗaya bai kai ba ya ce ga garinku nan."

Daga bakin shago Nomau ya ƙwala kira, yadda duk layin zai ji:

"Injiniya Fuu! Dawo ka hura mini fankar nan, ta ƙi tashi!"