Ranar da Hannun Wanzami Ya Yi Rawa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara hawa babur, ko da na so in manta ma mutanen unguwarmu ta Jarwal ba za su bari ba. A shekarun alif ɗari tara da sittin ne, ina Makka ina sana'ar da na gada, wanzanci: aski, ƙaho, kaciya. Taƙamata guda ce, hannuna. Har cewa nake yi ko ƙwai aka ba ni zan aske shi bai fashe ba (Allah ya yafe mana cika baki).

Maƙwabcina Bukari haifaffen nan ne, kakansa Bakatsine ne ya zo da ƙafa. Yana sayo zuma da man awaki wurin Larabawa makiyaya, can bayan duwatsun hanyar Ɗa'ifa. Wata safiya ya ce mini dattijon zangon makiyayan yana fama da ciwon kai, yana neman mai ƙaho.

"In ka yi masa ya ji daɗi, Sarkin Aska, aikin kwarin nan duka naka ne. Amma fa tsohon ba ya miƙa ƙeyarsa ga kowa. Hannun mutum yake kallo."

Na ce in dai hannu ne, an gama. Na rataya zabira, na hau bayan babur ɗinsa, wanda Larabawa suke kira dabbab.

Da kwalta ta ƙare sai na gane ban yi shawara da kowa ba. Dutse, yashi, kwazazzabo, sannan dutse kuma. Na damƙe ƙarfen bayan sirdi da hannu biyu, ƙahonina suna ta karo da juna cikin zabira. Bukari kuwa waƙa yake yi.

"Yalla, saki jikinka mana!"

"In na sake shi wa zai tsinto mini?"

Sai bayan azahar muka isa wasu baƙaƙen tantuna na gashin awaki. Na sauka, na dubi hannuwana: rawa suke yi kamar mazari. Na matse su, na yi musu addu'a, suka ƙi ji. Wanzamin da aka ɗauko takanas don hannunsa! Sai na cusa su cikin riga, na yi sallama da ka, na zauna kamar babban malami.

Dattijon yana kishingiɗe, ya ɗaure kai da ƙyalle, 'ya'yansa maza sun kewaye shi. Babban ɗansa ya zuba gahawa a ɗan kofin nan marar mariƙi, ya miƙo mini. Dole na fito da hannun dama. Ina karɓa na ga gahawar tana tsalle, tsohon kuma ya zuba mini ido. Nan take na dire kofin a ƙasa gabana, na mai da hannu maɓoyarsa. Har na yaba wa kaina dabara.

Mai zuba gahawa ya tsaya da buta a sama. Dattijon ya tashi zaune, ya gyara ƙyallen kansa.

"Ya Hajji, sha gahawarka. Abin da ka zo nema, in yana hannuna, ka samu."

Bukari ya mintsine ni a cinya, ya raɗa mini da Hausa: "Ka kashe mu! A nan baƙo ba ya ajiye kofi sai da babbar buƙata, neman aure ko sulhun jini. Kuma ba ka sha sai ka faɗe ta."

A bayan labule na ji mata suna ƙus-ƙus. Wani daga cikin 'ya'yan yana auna ni tun daga hula har takalmi, irin kallon da ake yi wa suruki mara raƙumi ko ɗaya.

Na duba ta ko'ina, babu ƙaryar da za ta fitar da ni. Sai na zaro hannuwan duka biyu, na ɗaga su a gaban jama'a, suna ta aikinsu.

"Ya Shehi, buƙatata biyu. Ka bar ni sai gobe kafin in kusanci ƙeyarka da aska. Sannan don Allah kada a mai da ni gida a kan wancan abin."

Tsohon ya yi dariya har ya riƙe kansa mai ciwo. Matan bayan labule ma ba su ɓoye tasu ba. Da ya numfasa ya ce, "An ba ka. Da ka ɓoye mini wannan ka tsaga ni, da yau muna sulhun jinin da gaske." Babban ɗansa ya ɗauki kofin ya kafa mini a baki, ni da gemuna, na sha kamar jinjiri.

Washegari hannu ya dawo, na yi ƙaho, tsohon ya ji sauƙi, aikin kwarin ya zama nawa shekaru da yawa. Suka ɗora ni a kan jaki, na yi yini guda a hanya. Bukari ya riga ni isa, don haka na tarar da rabin unguwa a bakin titi ana tambayata ya amarya.

Tun daga ranar, in na shiga gidan da ban san al'adarsa ba, duk abin da aka miƙo mini shanyewa nake yi, ko da rabinsa zai zube a riga. Riga dai ana wanke ta.