Ranar da Motata Ta Mutu a Ƙofar Guga

Ba zan taɓa mantawa da ranar jana'izar Mustafa ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawar ba. Abokina ne tun muna firamare, tare aka zane mu, tare muka girma, shi ya yi mini babban aboki ranar aurena. Mutuwarsa ta girgiza ni ƙwarai. Amma in gaskiya ake so, abin da ke sa ni in rufe fuska da hannu in na tuna ranar, ko da ni kaɗai ne a ɗaki, shi ne abin da na aikata tsakanin ƙofar gidansu da makabarta.

Sai na fara daga motocin, don su ne tushen abin. Wata shekara na samu 'yar kwangilar gyaran ajujuwa, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai na sayo motar Jamus mai shan dizal, 'yar Kwatano, baƙa wuluk, kujerun fata, faɗinta ya kusa cike lungunmu. Ba a jima ba Mustafa, wanda ke da shagon kayan gini a Ƙofar Kwaya, shi ma ya sayo tasa ta alfarma, 'yar Japan, irin wadda ake kira haibirid, rabi fetur rabi batir. Daga nan majalisarmu ta ƙofar shagonsa ta daina hirar siyasa da ƙwallo. Kullum bayan la'asar magana ɗaya ce, tawa da tasa wacce ta fi aminci.

Da ya jiyo ƙugin injina daga nesa sai ya ce wa jama'a, "Ga mai injin niƙa nan ya iso, kowa ya kawo dawarshi."

Ni kuma in fito ina gyara babbar riga in ce, "Mota ba sauti ai aljana ce. Jira dai zafin Katsina ya dahe batirin nan, sai ka saida shago ka sayi wani."

"In ya mutu mu binne shi, mi ne ne a ciki?" Haka yake ba ni amsa yana dariya.

A majalisa ni ke cin gardama, don na fi shi baki (matata ta ce da baki ake tuƙi da tuni na kai Makka a mota). A gareji kuwa labarin daban ne. Shi abin da yake yi wa tasa bai wuce canjin baƙin mai da share ƙurar fankar batir ba. Ni kuwa yau injekta, gobe famfon mai, jibi wani abu mai suna da ko bakanike sai ya yi bismilla kafin ya faɗa. Da dizal ya yi tsada sai na koma saye a jarka wurin 'yan bumburutu, ina sane sarai wani da kananzir ake haɗa shi. Ga shi irin motar nan doguwar hanya take so, ta yi gudu ta ƙone hayaƙin da ya taru mata a ciki, ni kuwa tun da hanyoyi suka lalace da rashin tsaro na daina fita gari. Daga gida sai ofis, daga ofis sai majalisa, tana tafe tana tara baƙin ciki irin nata.

Wata rana wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Aka ce sai an kai ta Kano an sa mata kwamfuta. Na ce to, wata mai zuwa. Kafin watan ya zo, don kada wani ɗan majalisa ya leƙa ya gani ya kai wa Mustafa rahoto, sai na yanki baƙin salatif na liƙe fitilar. Ni da digirina na yi wannan, ba wanda ya sa ni.

Shekara da shekaru ina jiran batirin Mustafa ya mutu, sai mai motar ya riga shi. Wata safiya cikin damina ya yanke jiki ya faɗi a shago, ƙaninsa Kabiru ya ɗauke shi a haibirid ɗin zuwa asibiti, kafin hantsi ya dubi ludayi rai ya yi halinsa. Aka sa jana'iza bayan azahar a gidan mahaifinsu, can cikin gari ta wajen Ƙofar Guga.

Mahaifin nasu, Baba Malam, tsoho ne tukuf, malamin zaure, gwiwoyinsa sun daɗe da ƙin ɗaukarsa. Mustafa ɗan farinsa ne, kuma Baba Malam mutumin da ne, mai alkunya irin ta asali. Tunda nake ban taɓa jin ya kama sunan Mustafa ba. In zai yi mini maganarsa sai ya ce "abokinka", in da wasu ne ya ce "yaron nan". Ko ranar auren Mustafa ficewa ya yi daga gidan. Don haka da aka idar da salla, matasa suka saɓa makara suka nufi lungu da sauri saboda hadarin da ya haɗo daga gabas, kowa ya ɗauka tsohon zai koma zaure ya zauna karɓar gaisuwa. Sai aka ji ya ce, murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kan sandarsa, "Ku kai ni in ga an sa shi. In zuba mashi ƙasa da hannuna."

A tsawon rayuwarsa wannan ne kaɗai abin da ya taɓa nema a fili game da ɗansa.

Kabiru ya laluba aljihu ya fiddo makullin haibirid, ga ta nan a fake gindin darbejiya, ya miƙa wa wani ɗan'uwansu ya ce ya ɗauko Baba a ciki. A nan ne shaiɗan ya zauna mini a harshe. Na gyara murya irin ta masu wa'azi na ce, "A'a, Kabiru, a ji tsoron Allah. Motar ga ta zama dukiyar marayu, ba a taɓa ta sai an raba gado. Ga tawa nan, ni zan kai Baba."

Dattawan wurin suka gyaɗa kai, wani har ya ce Allah ya yi mini albarka. Kabiru ya mai da makulli aljihu ya ruga ya bi makara. Ni dai na san ba marayu ne a raina ba. So nake 'yan majalisa su gani da idonsu cewa ranar da ta ɓaci, mai dizal ce ta yi rana. Abokina yana kan kafaɗun mutane, ni ina ƙoƙarin cin gardamar da muka bari jiya.

Aka tallafo Baba Malam aka sa shi a kujerar baya. Ya ɗan dube ni lokacin da nake maganar marayu. Motar ba ta shiga lungun da makara ta bi, sai na zagaya ta kwalta. Na taka ta sosai, don ina so a iso a tarar da mu. Muna dosar Ƙofar Guga ta yi wani tari, ta yi na biyu, ta saki baƙin hayaƙi har sai da mai rake na gefen titi ya rufe hancinsa da hula. Sai ta mutu, a tsakiyar hanya.

Na murza, ta yi ƙugi ta yi shiru. Na sake, haka. Na waiwaya na ce, "Baba, ɗan abu kaɗan ne, yanzu za ta tashi."

Ya ce, "To."

Na fita na buɗe bonet, murfin gaba, na tsaya ina kallon injin (ban san komai a ciki ba in ban da inda ake zuba ruwan wanke gilashi). Na taɓa wannan waya, na girgiza waccan. Masu motoci suka yi ta oda a bayana. Wasu samari suka zo za su tura ta gefe, giya ta ƙi fita daga inda ta kulle kanta, don irin waɗannan motocin in sun mutu ko turi ba sa karɓa. Sai ga wani mai napep ya tsaya, ya leƙa ya ga tsoho da carbi, ya ce, "Alhaji, makabarta za ku tahi? Kawo Baba in kai shi, ba sai an biya ba."

Na ɗaga masa hannu na ce ya wuce, mun gode. Na biyu ma ya tsaya, shi ma na kore shi. Wai ni ba zan yarda a ga uban Mustafa ya sauka daga motata ya hau napep ba. An ce girman kai rawanin tsiya, to ranar na naɗa shi har da kunnuwa biyu.

Wayata ta yi ta ruri a aljihu, wani ɗan majalisa ne yake kira daga makabarta. Na duba sunan na mai da ita. In na ɗauka me zan ce? In ce injin niƙa ya tsaya? Na ce a raina bari in tayar da ita tukuna, in mun isa sai in ce cunkoso ne.

Duk wannan abin Baba Malam bai ce uffan ba. Nakan leƙa ta gilashi in gan shi zaune yana jan carbi, sai in ce wa kaina ai tsohon ma bai damu ba. Ni da na tashi a gidan, na manta cewa mutumin da bai iya kama sunan ɗansa ba, ba zai iya buɗe baki ya ce a yi sauri saboda ɗan ba. Ya riga ya roƙa sau ɗaya, a gaban mutane, kuma wannan ɗin ma Allah kaɗai ya san abin da ya ci masa. Sai da yayyafi ya fara sauka na zagayo don in rufe gilashin wajensa, na ga hannunsa a kan marfin ƙofa, yana ta laluben inda ake buɗewa bai samu ba. Ban san tun yaushe yake laluben ba.

A guje na tsai da napep, ni da mai napep ɗin muka ɗaga tsohon muka sa, na bar motar a buɗe a tsakiyar titi. Muna isa ƙofar makabarta muka ci karo da jama'a suna fitowa, kowa ya ɗora gefen riga a ka saboda ruwa. Ashe sun ɗan jira, da suka ga shiru ga hadari ya sauko, sai dattawa suka ce wataƙila alkunya ce ta mai da Malam gida, a rufe kada ruwa ya cika kabari. Kabiru yana cikin ramin yana karɓar ɗan'uwansa, bai san ba mu iso ba sai da ya fito.

Muka riƙe Baba Malam ni da Kabiru har cikin makabartar. Sababbin kaburbura biyu ne a jere, don an binne wani kafin mu, duka an jera musu ƙaya. Tsohon ya tsaya ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sannan ya ce, "Kabiru, wanne ne na yaron?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, kuma da na gode mata. Kabiru ya nuna masa. Ya durƙusa da ƙyar, ya damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasa daga gefe ya ɗora a kan wadda wasu suka riga suka zuba, ya daɗe hannunsa a wurin. Ruwa na zuba, don haka ba wanda zai iya cewa ga abin da ke gangara a fuskarsa.

Da muka fito bakin makabarta, 'yan majalisa na tsaye a ƙarƙashin rumfa, labarin motata ya riga ya iso, don duk wanda ya biyo ta Ƙofar Guga ya gan ta baki buɗe tana shan ruwa. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Wani ya tambayi yadda za a mai da Baba gida. Na buɗe baki zan ce in nemo napep, sai tsohon ya riga ni.

"Kabiru, aika a ɗauko motar yaron," in ji shi. "Uba yana da sudusi cikin abin da ɗa ya bari. Kujerar baya ta ishe ni, ba zan taɓa rabon marayu ba."

Bai ɗaga murya ba, bai ko dube ni ba. Shi da ya yi shekaru yana karantar da rabon gado a zaure, tun a ƙofar gida ya san fatawar tawa ta banza ce, kawaici kawai ya yi mini a gaban mutane. Aka je aka ɗauko ta, ta iso shiru irin nata har sai da ta tsaya a gabanmu na san ta zo. Suka tafi, ni na koma Ƙofar Guga da ƙafa cikin ruwa, na tsaya gadin gawar tawa motar har mai janwe ya zo.

Kwana uku na zaman makoki ina can ƙarshen tabarma kaina a ƙasa. Na je na durƙusa na ba Baba Malam haƙuri, ya ce, "Ba komi, haka Allah ya rubuta." Har yau yana amsa gaisuwata da sakin fuska, yana tambayar iyali. Amma bai ƙara ce mini "abokinka" ba, ko sau ɗaya.

Motar an kai ta Kano an gyara, na ɓare salatif ɗin da hannuna. Tana nan ina hawa, don mai saye ya ƙi samuwa. A majalisa kuwa wasu sababbin masu kuɗi sun gaji gardamar, kuma sukan juyo su ce, "Alhaji, kai da ka daɗe cikin harkar, tsakanin dizal da haibirid wacce ta hi aminci?" Nakan ce musu a nawa binciken makara ce. Ba ta shan mai, ba ta da batir, ta bi lungu da ƙafafun mutane ta riga motar Jamus isa, kuma duk mu nan sai mun hau ta. Sauran motocin, in taka ta mutu da tsoho a baya, ka sauke girman kai ka tsai da napep ɗin farko.