Kifin Ranka-ya-daɗe a randar Hindatu

Jiya da safe ko hula ban gama sawa ba, sai ga uwargida Hindatu a bakin ƙofa da bokiti wayam. Ta ce, "Malam, in yau ma ka dawo ba maganar ruwa, ka nemi inda za ka ci tuwo." Ban ga laifinta ba. Famfon layinmu a Kubwa ya daɗe da komawa wurin shanya tsumma, 'yan ga-ruwa kuwa sai sun ga dama suke amsa sallama.

Shi ya sa na ja maƙwabcina Thaddeus, wanda rashin ruwan nan ya kashe masa kiwon tarwada, muka shiga gari wurin Ranka-ya-daɗe, Kogin Alheri, mutumin da ya bugi ƙirji lokacin zaɓe ya ce zai haƙa mana burtsatse.

Muna shiga gidan muka tarar da tankar ruwa guda tana ta kwarara ruwa cikin wani tafki a tsakar gida. Wallahi sai da maƙogwarona ya motsa. A ciki ga wasu kifaye masu dabbare-dabbaren ja da fari, wai sunansu koi, daga ƙasar waje aka yo odarsu. Ashe kan babban taro muka faɗo. Wani hadimi ya dage a mai da su falo cikin akwatin gilas, don a waje akwai rana, akwai shirwa. Wani ya ce ina, kifi a gilas ba ya sakewa, damuwa ke kama shi. Ni da na kwana uku ina wanka da kofi, ban taɓa jin an tambayi damuwata ba.

Nan fa na ga shugabanci. Ranka-ya-daɗe ya yi gyaran murya ya raba gardama: manyan su zauna a tafki, ƙananan jajayen a kai su falo, a ware musu janareta nasu na kansu mai hura musu iska. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, mai nema ba ya fushi.

Thaddeus ya leƙa tafkin ya ce, "Oga, wannan kifi yaushe za ta isa ci?"

Wani hadimi mai suna Shafi'u ya harare shi. "Ba a cin su. Kallonsu ake yi."

Thaddeus ya matso kunnena ya ce, "Mu ma ai kallonmu ake yi."

Da aka ba ni dama na durƙusa na zayyana kukanmu. Ranka-ya-daɗe ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce, "Ruwa ai shi ne rai. Na fi kowa sani, ka ga yadda nake fama da bayin Allahn nan." Burtsatse kuwa, ya ce kwamiti na nazari.

To, kun san al'ada, baƙo ba ya fita gidan babba hannu rabbana. Sai ga Shafi'u da jan kifi ɗaya cikin ledar ruwa. Ya ce a riƙa sauya masa ruwa a kai a kai, mai tsabta, ban da na 'yan ga-ruwa, don yana da laulayi. Ya ƙara da cewa Oga zai riƙa aikowa a duba lafiyarsa. An sayar da kare an sayi biri ke nan.

Haka na rungumo ledar a bas har Kubwa. Hindatu ta dubi kifin, ta dube ni, ta ce, "Malam, ruwa na aike ka, ka kawo mini mai shan ruwa?"

Sai ga mu mu ma da namu taron: ciki ko waje? A waje kyanwar maƙwabta ta riga ta fara lasar baki. A ciki kuwa ruwa mai tsabta bai wuce na randar da muke sha ba. Kuma kowa ya san in kifin nan ya mutu, burtsatsenmu ya bi shi kabari. Hindatu ta buɗe randar, ta juye shi, ta rufe. Tuwo dai ban gan shi ba.

Amma masu yawo da baki cewa Ranka-ya-daɗe bai taɓa kawo ruwa layinmu ba, ku ji tsoron Allah. Ya kawo, da hannuna na riƙo shi cikin leda. Sai dai da mai shi a ciki.