Fawa Bankin Mutumin Dubai

Gwaggo Kuluwa mai sayar da daddawa ce ta ba mu wannan labari, kuma ba ta gama shi ba sai da ta yi tsaki sau biyar. Wata Laraba da hantsi ta shiga mota daga Kano za ta Kaduna, an ce mata ɗiyarta tana kan gwiwa. Allah ya haɗa ta kujera ɗaya da wani mutum mai hula a goshi, ƙamshin turarensa har hawa kai yake yi. Tun kafin mota ta bar tasha ya zaro wata fawa banki, irin batirin nan da matafiya ke cajin waya da shi, baƙa wuluk kamar bulo, ya jona babbar wayarsa ya ɗora a cinya. Ba wanda ya tambaye shi, amma sai da duk motar ta ji cewa daga Dubai aka kawo ta, kuma duk Kano mutum biyu ne suke da irinta. Gwaggo ta duba 'yar wayarta ta ga cajinta saura sanda ɗaya, ga shi ba ta san asibitin da aka kai yarinyar ba sai surukinta ya kira.

Ta ce, "Ɗan nan, don girman Allah sa mini ita ko minti goma ne. Kiran haihuwa nake jira."

Ya ɗauki wayar da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera, ya mayar mata. "Haba Iya! Wannan rakani-kashin zan jona wa kayan Dubai? Ai sai ta lalata mini bakin cajin."

Gwaggo ta karɓi abarta. Ta kashe wayarta ta ƙulle a bakin zani, sai ta kunna lokaci-lokaci ta duba ta sake kashewa. Shi kuwa gogan naka ya buɗe bidiyo da ƙarfi, ya ɗauki hoton shanu, ya ɗauki hoton kansa, ya kira wannan ya kira wancan yana shaida musu cewa yau zai sa hannu a wata babbar kwangila.

Suna wuce Kwanar Ɗangora fitilun bulon suka ɗauke. Ya danna, shiru. Ya girgiza ta, ya hura mata iska, ya buga ta a gwiwa, ko gezau. Kafin a kai Zariya babbar wayar ma ta bi sahu. Sai zufa ta keto masa, hula ta koma ƙeya, don mai kwangilar ya ce ƙarfe ɗaya zai bar ofis, kuma a waya zai yi masa kwatancen wurin. Allah ya so shi yana da lambar a jikin wani kati.

Ya yi ta mutsu-mutsu, can ya sassauta murya. "Hajiya, don Allah ko za ki ɗan ara mini wayarki in yi kira ɗaya?"

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. A ranta ta ce, yanzu kuma na zama Hajiya. Ta kwance bakin zani, ta kunna wayar ta miƙa masa. Ya yi kiransa yana ta "ranka ya daɗe", ya gama ya dawo da ita da hannu biyu. Kunya ta hana shi yin shiru, sai ya shiga juya bulon yana ƙorafi.

"Wallahi an cuce ni, Hajiya. Wanda ya sayar mini har rantsuwa ya yi, ya ce kwana uku cur take yi."

Gwaggo ta ƙulle wayarta, ta gyara mayafi.

"To ai bai yi maka ƙarya ba, ɗan nan. Ga ta nan ta fara kwanan, sai gata ka tashe ta."