Rasuwar Shamuwa, Wadda Ba Ta Taɓa Kwanciya Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama naɗe cikin bandeji, Stamen Karaivanov, mai wanke kwalabe a ɗakin gwajin madara na ƙungiyar makiyayan kwarin nan, yana sanar da rasuwar Shamuwa, fifet ɗin da ke zuƙo madara daidai awo domin gwaji. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha tara tana aiki. Ba tsufa ba ne. Kashe ta aka yi.

Shi ya raɗa mata suna, don dogon bakinta da tsayuwa kan ƙafa ɗaya. Marigayiya ba ta da surutu. In an danna kanta sai ta ce ƙas, ta tsaya. In an ƙara dannawa ta sake cewa ƙas, ta tofar da ɗigon ƙarshe. Iyakar maganarta ke nan, kuma ba ta taɓa ƙarya ba. Duk farkon wata Stamen kan zuƙi tataccen ruwa da ita sau goma ya ɗiga a ma'auni, sau goman lamba ɗaya ke fitowa.

Stamen aji huɗu ya yi a makaranta, amma ya san haƙƙinta. Ana canza mata bakin roba bayan kowane ɗiba. Ana riƙe ta a miƙe. Ana sakin babban yatsa a hankali, ba a fizge. Ba a murɗa lambarta ta saita awo ta wuce iyaka. Babbar doka kuwa, ba a kwantar da ita da ruwa a baki, don ruwan zai gangara cikinta. Shekara goma sha tara a kan maratayinta take kwana, a tsaye.

Ciwon ajalinta ya fara a watan Satumba. Stamen ya buɗe ta, ya goge cikinta, ya shafa mata man shafawa, ya rubuta kwanan wata a jikinta, Nedyalka mai gwaji ta sa hannu a gefe. Washegari ya tafi hutun mako biyu don tsinkar inabinsa. A bayansa aka kawo sabon shugaba daga Sofia, babban birnin ƙasa, Dakta Asparuh Gochev, mai takardun shaida uku a bango.

Abin da ya faru, Nedyalka ce ta faɗa wa Stamen a bakin famfo, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba Stamen, kamar ƙusa yake buga ta cikin akwatin bakunan roba. Yatsa kuwa sakinsa yake yi farat ɗaya, madara ta tsartu sama. Wayarsa na ƙara sai ya yar da ita a tebur, cike da madara, ya fita."

"A kwance?"

"A kwance, Baba."

"Ke kuma kina ina? Bakinki ɗinke yake?"

"'Ya'ya biyu gare ni, Baba. Kai inabi kake ciyarwa."

Tun da Stamen ya dawo bai samu ya taɓa ta ba. Dakta ya ce mai wanki ba shi da hurumi a kayan awo, ya kulle ta a aljihun teburinsa. Nan ma a kwance. Madara ta ruɓe a cikinta, ƙarfenta ya yi tsatsa, ta fara zuƙo abin da bai kai awo ba. Gwaji ya fito karkatacce. Kwana uku a jere aka ce madarar tumakin ƙauyen kan dutse ba ta da kyau, aka tuttular a kwata. Lafiyayyar madara. Makiyaya suka sauko da sanduna suna dukan ƙofar ɗakin gwaji, har suka fasa gilashin taga biyu. Dakta ya leƙa ya ce musu laifin wani tsoho ne da ba ya tsaftace kaya.

Ranar Talata kan Shamuwa ya maƙale, ya ƙi dannuwa. Dakta ya ƙwala ta a gefen tebur. Ya sake. Stamen ya ajiye burushi ya tsame hannu daga kumfa.

"Dakta, ajiye ta."

"Kai tsoho, koma kan kwalabenka. Roba ce da ƙarfe, ba uwarka ba ce."

"Na ce ajiye ta."

"To ga ta nan na ajiye!"

Ya maka ta da bango. Wuyanta ya karye, lambarta ta fita ta gangara ƙarƙashin firji. Sautinta na ƙarshe ba ƙas ba ne. Stamen ba zai rubuta shi ba.

Stamen ba ya musun abin da ya biyo baya. Naushi ɗaya ya yi. Hancin Dakta ya fashe, haƙori ɗaya ya faɗi cikin kwanon wanki, farar riga ta rine. Stamen kuma yatsunsa biyu sun karye. Takaicinsa ɗaya, jini ya fallatsa a teburin da ya goge da safe.

Marigayiya ta bar maratayinta fanko. Ta bar ƙanne biyu, ƙananan fifet, waɗanda yanzu suke hannun wanda ya kashe yayarsu. Ta bar bakunan roba akwati shida, marayu. Ta bar Nedyalka, wadda ta ga komai. Ta bar Stamen, da aka karɓe wa makullai.

Kwamitin ƙungiya ya rubuta takarda mai laifi biyu: duka da sakaci. Shugaban kwamiti ya miƙo masa biro ya ce, "Baba Stamen, sa hannu ka tafi gida salin-alin, kada mu tona." Stamen ya ce, "Dukan nawa ne, kawo in sa hannu sau biyu. Sakacin ku nemi ubansa." Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa samun tabo a kwalbarsa ba. Ba zai koma ƙauye makiyaya suna nuna shi da sanda a matsayin wanda ya zubar musu da madara ba.

Jana'iza ranar Juma'a ce, ƙarfe goma na safe, a ofishin kwamiti, daidai lokacin da za a zauna shari'arsa. Ana gayyatar makiyayan kan dutse, su bar sanduna a bakin ƙofa. Nedyalka ce za ta ɗauko tiren dafaffiyar alkamar sadaka, yadda aka saba a jana'izar kwarin nan. Da kanta ta ce za ta zo, ta kuma ce ɗinkin bakinta ya warware. An dafa alkamar ta yi laushi sosai saboda Dakta.

Ba a yi wa gawa wanka ba. Wannan ne abu na farko da Stamen ya bari ba wanki tun da ya kama aiki. Kwanan wata da sa hannun Nedyalka suna nan a jikinta. Zai kwance cikinta a kan teburin kwamiti da hannun hagu, kowa ya matso ya sunsuna, Dakta ya fara in hancinsa ya buɗe.

Bayan haka zai wanke ta da kansa, ya kai ta gindin tuffar da ke bayan ɗakin gwaji. An riga an haƙa ramin, siriri, mai zurfi. A tsaye za a binne ta.